Daren Clear Lake: Wa Ke da Ikon Cewa a Fasa Tafiya?

Da tsakar dare, wayewar garin Lahadi 1 ga Fabrairun 1959, wata tsohuwar bas ta mace a kan hanya mai lamba 51, cikin dajin arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka, ba nisa da garin Hurley. Sanyin daren ya zarce digiri 30 ƙasa da sifili. Mu da ke hura wuta muna kewaye ta in hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri 10 a Jos ko Zariya, da wuya mu iya kwatanta wannan a rai. Sanyi ne da ke daskarar da naman jikin mutum yana zaune, yatsunsa su mutu bai sani ba.

A cikin bas ɗin akwai samarin da faya-fayansu ke tashe a gidajen rediyon Amurka a lokacin: Buddy Holly, da Ritchie Valens, da J. P. Richardson wanda aka fi sani da Big Bopper, da Dion da ƙungiyarsa ta Belmonts, da Frankie Sardo, da makaɗansu. Da injin ya mutu sai suka tara jaridu a tsakiyar motar suka cinna musu wuta, suka cure wuri guda cikin barguna. Kafin a zo a kwashe su, sanyi ya cinye ƙafafun Carl Bunch, ɗan shekara 19, mai kaɗa wa Holly ganguna. Aka wuce da shi asibiti a Ironwood ta jihar Mishigan.

Kwana biyu bayan haka Holly da Valens da Richardson suka mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama, tare da matuƙinsu Roger Peterson. An daɗe ana ba da wannan labari, kuma yawanci ta fuskar ƙaddara ake ba da shi: sulallan da aka jefa sama, da murar da ta sa aka yi musayar kujera, da raha tsakanin abokai biyu wadda ta zama nadamar shekaru. Duk waɗannan sun faru. Amma ajali kan zo da sababi, kuma sababin wannan ya fara tun kafin a kunna injin jirgi, a kan wata takarda da aka jera sunayen garuruwa da ranaku.

Sunan rangadin Winter Dance Party, wato bikin rawar lokacin sanyi. Kamfanin General Artists Corporation na birnin Niyok ne ya shirya shi: garuruwa 24 cikin kwana 24, daga Milwaukee ranar 23 ga Janairu zuwa Springfield ta jihar Ilinoi ranar 15 ga Fabrairu. Ta fuskar ciniki dabarar ba ta da laifi. Matasan ƙananan garuruwan tsakiyar Amurka na sayen faya-fayan sabon kiɗan nan na rok, ba su taɓa ganin mawaƙan ido da ido ba, kuma a tsakiyar sanyi babu wani abin nishaɗin da ke gogayya da zauren rawa. Matsalar tana ga yadda aka jera garuruwan. Duk zauren da ya ce yana so a rana kaza, sai a rubuta shi a ranar, ba tare da an buɗe taswira ba.

Dubi mako guda kawai. Ranar 30 ga Janairu suna Fort Dodge ta jihar Ayowa. Washegari suka yi arewa kusan kilomita 600 zuwa Duluth ta Minesota. Daga nan gabas zuwa Appleton da Green Bay a Wiskonsin, wasa biyu a rana ɗaya. Sai su dawo Ayowa, garin Clear Lake, wanda tsakaninsa da Fort Dodge inda suka bari kwana uku da suka wuce bai kai kilomita 160 ba. Daga Clear Lake kuma a sake yin arewa kusan kilomita 590 zuwa Moorhead, sannan a juyo kudu zuwa Sioux City, a Ayowa dai. Kamar a ce wa makaɗi ya yi wasa a Kano yau, gobe Maiduguri, jibi Kaduna, gata ya koma Damaturu, kullum tafiyar dare, a kan siririyar hanya mai santsin ƙanƙara. Motocin da aka ba su tsofaffi ne, wasu ma na ɗaukar 'yan makaranta ne da aka yi wa kwaskwarima, na'urar ɗumama cikinsu na yi tana tsayawa. An sauya musu mota sau da dama a kwanakin farko, kowace da irin ciwonta. Ba su da masu ɗaukar kaya, su ke loda ganguna da amsa-kuwa, su sauke, su hau dandamali da tufafin da suka kwana a ciki.

Mai karatu zai ce, to me ya kai tauraro irin Buddy Holly cikin wannan wahala? Talauci ne irin na mai suna. Holly ɗan garin Lubbock ne a Teksas, shekararsa 22, kuma tun 1957 waƙoƙinsa irin su That'll Be the Day da Peggy Sue suka zagaya duniya. A ƙarshen 1958 ya rabu da ƙungiyarsa ta Crickets da manajansa Norman Petty, wanda kuɗin faya-fayan ke bi ta hannunsa. Rigimar lissafi ta riƙe kuɗin. Holly ya koma Niyok da amaryarsa María Elena, wadda ya aura a watan Agustan shekarar, ga ta da ƙaramin ciki. Yana bukatar tsabar kuɗi a hannu, rangadin kuma shi ne ƙofar da ta buɗe. Ya haɗa sabbin makaɗa cikin gaggawa: Tommy Allsup a jita, Carl Bunch a ganguna, da wani abokinsa mai gabatar da waƙoƙi a gidan rediyon Lubbock, Waylon Jennings, wanda ya damƙa wa jitar bes ya ce ya koya kafin ranar tashi.

Sauran ma ba wanda ke da bakin ƙin tafiya. Ritchie Valens yaro ne ɗan shekara 17 daga Pacoima a Kalifoniya, ɗan asalin Meziko, sunansa na yanka Richard Valenzuela. Bai fi wata takwas da fara fitar da faifai ba, waƙoƙinsa Donna da La Bamba na kan ganiyarsu. Yaron da bai san sanyin arewa ba, bai ma zo da tufafin da suka dace ba. Richardson, mai shekara 28, ma'aikacin rediyo ne a Beaumont ta Teksas wanda waƙa ɗaya, Chantilly Lace, ta ɗaga shi, matarsa ita ma tana da ciki. A wannan sana'a kowa ya san tashe ba ya daɗewa, a bugi ƙarfe da zafinsa. Wanda ya ƙi hawa dandamali a daren da aka sayar da tikiti da sunansa, ya rasa kuɗin daren, ya kuma ɓata da kamfanin da ke riƙe da duk wasanninsa na gaba.

Abin da ya biyo bayan macewar bas a Hurley shi ne, a ganina, zuciyar labarin. An soke wasan rana na Appleton, don babu yadda za a yi su isa. Wannan ya nuna soke wasa abu ne mai yiwuwa, duniya ba ta tashi ba. Amma ba wanda ya zauna ya ce yanayin ya yi muni, a dakata. Ƙarfe ne ya ƙi motsi. Da aka sami jirgin ƙasa mai zuwa Green Bay sai aka zuba su ciki, suka yi wasan dare a zauren Riverside, makaɗinsu na kwance a asibiti. Aikin ganga suka riƙa karɓa-karɓa a tsakaninsu, har Holly da kansa ya zauna ya kaɗa wa Dion.

Sai kuma ranar Litinin 2 ga Fabrairu. A jadawalin farko wannan rana babu wasa a cikinta. Ita ce ranar da za su yi barci a kan gado, su wanke tufafi, a duba mota. Masu shirya rangadin suka ga rana ce da ba ta kawo ko sisi, suka tuntuɓi Carroll Anderson, manajan zauren Surf a Clear Lake, ya amsa. Da wannan aka ƙara musu tafiyar kilomita 550 daga Green Bay. Suka iso da yamma a gajiye, suka hau dandamali gaban matasa sama da dubu ɗaya.

A nan ne Holly ya ce ya gaji. Ya roƙi Anderson ya samo masa jirgin haya da zai kai shi da makaɗansa biyu Fargo ta jihar Dakota ta Arewa, wadda kogi kawai ya raba ta da Moorhead. In sun tashi bayan wasa za su isa cikin sa'o'i kaɗan, su yi wanki, su kwanta. Anderson ya kira kamfanin Dwyer Flying Service da ke filin jirgin Mason City, aka yi ciniki a kan dala 36 kowane mutum. Jirgin ƙirar Beechcraft Bonanza ne na 1947, mai inji ɗaya da kujeru huɗu.

Mutane kan ɗauki wannan shawara ta Holly a matsayin gangancin ƙuruciya. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya kwana a daji yana ƙona jarida don kada ya daskare, ya ga an ɗauke abokin aikinsa ƙafafu a mace, in ya duba bas ya duba jirgi ya zaɓi jirgi, lissafin mai hankali ya yi. Haɗarin bas ya gan shi da idonsa. Haɗarin jirgi kuwa ba shi da hanyar auna shi, don shi ba matuƙi ba ne, kuma ya ɗauka duk wanda ya karɓi kuɗinsa ya san aikinsa. Tambayar da ke gabansa ita ce ta wace hanya zai isa Moorhead. Ko ya kamata a je Moorhead a wannan dare, wannan ba a ba shi damar yin ta ba.

Musayar kujeru sananniya ce, ba sai an ja ta ba. Richardson na fama da mura da zazzaɓi, ga shi ƙato, kujerar bas ta matse shi, ya roƙi Jennings ya bar masa tasa. Valens ya dami Allsup da roƙo har suka jefa sulalla sama, Valens ya ci. Abin mamaki, Valens mai tsoron jirgi ne: a Janairun 1957 jirage biyu sun yi karo a sararin Pacoima, tarkacensu ya faɗo a filin makarantarsu ya kashe ɗalibai, shi kuma ya tsira don ya tafi jana'izar kakansa. Ka ga irin bas ɗin da za ta sa mai wannan tabo ya roƙi kujerar jirgi. Dion ya sha faɗa daga baya cewa an yi masa tayi ya ƙi, domin dala 36 ita ce kuɗin hayar gidan iyayensa na wata guda a unguwar Bronx. Jennings kuwa ya ba da labarin cewa Holly ya tsokane shi da fatan bas ɗinsu ta daskare a hanya, shi kuma ya rama da fatan jirginsu ya faɗi. Ya yi shekaru wannan magana na ci masa rai.

Yanzu ga mutumin da a ƙarshe aka ɗora wa laifin. Roger Peterson shekararsa 21, ya girme wa Valens amma bai kai Holly ba. Yana da sa'o'in tuƙi 711, 128 daga ciki a irin wannan jirgi. Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai wanda matuƙi ke dogara da idonsa, yana ganin ƙasa da inda ta haɗu da sama. Akwai kuma wanda ba ya ganin komai a waje, sai ya dogara kacokan da na'urorin da ke gabansa. Peterson ya yi sa'o'i 52 yana koyon na biyun, ya ci jarrabawar rubutu, amma ya faɗi ta gwaji a sama a watan Maris na 1958. Ba shi da lasisin tuƙi da na'ura, kamfanin da yake wa aiki ma izininsa na tuƙi da ido ne kawai.

Bai yi sakaci wajen tambaya ba. Tun da yamma ya riƙa tuntuɓar ofishin sadarwa na filin jirgin a kan yanayi, sau da dama, har da ƙarfe 11:55 na dare tare da ubangidansa Jerry Dwyer. Abin da aka gaya masa ya nuna yanayin na lalacewa amma bai kai na hana tashi ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne gargaɗin gaggawa guda biyu da hukumar hasashen yanayi ta fitar, ɗaya da ƙarfe 11:35, ɗaya da 12:15, masu nuna dusar ƙanƙara da raguwar gani da haɗarin ƙanƙara ta daskare a jikin jirgi a yankin. Takardun na nan, ba wanda ya ja hankalinsa gare su.

Suka tashi da ƙarfe 12:55 na daren Talata 3 ga Fabrairu. Dusar ƙanƙara na zuba kaɗan-kaɗan, iska na kaɗawa da ƙarfi, gajimare ya rufe taurari. Da jirgin ya bar fitilun fili ya juya arewa maso yamma, sai ya shiga saman gonaki inda babu hasken gari ko ɗaya. Sama baƙa, ƙasa baƙa. A irin wannan hali jikin ɗan Adam yaudararsa yake yi. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke gaya mana mun miƙe ko mun karkata, ba ya bambance juyawa a hankali da tafiya sak, har matuƙi ya rantse yana hawa alhali yana gangarowa. Maganin kawai shi ne ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'ura. To na'urar da ke nuna ko hancin jirgi sama ya nufa ko ƙasa a wannan Bonanza ƙirar Sperry F-3 ce, kuma tana nuna hoton akasin yadda na'urorin da Peterson ya koya da su ke nunawa. Abin da idonsa ya saba karantawa a matsayin hawa, a nan sauka yake nufi.

Dwyer na tsaye a waje yana kallon fitilar wutsiyar jirgin, ya ga tana yin ƙasa a hankali har ta ɓace. Peterson ya ce zai kira ta rediyo ya ba da tsarin tafiyarsa bayan ya tashi, bai kira ba, aka kira shi shiru. Da gari ya waye ba labari daga Fargo, Dwyer ya hau wani jirgi ya bi hanyar. Da ƙarfe 9:35 ya hango tarkacen a gonar masara, jingine da shingen waya, ƙasa da kilomita 10 daga fili. Jirgin ya daki ƙasa da fiffiken dama yana gudun kusan kilomita 270 a sa'a. Bai fi minti biyar a sama ba. An tsinci walat ɗin Allsup a wurin, don ya ba Holly ya karɓo masa wasiƙa a Fargo da katin shaidarsa, har aka fara sa sunansa cikin matattu. María Elena a talabijin ta ji, cikinta ya zube ba da jimawa ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta wancan lokaci, CAB, ta fitar da rahotonta ranar 23 ga Satumbar 1959. Ta ce musabbabin shi ne shawarar da matuƙi ya yanke, marar hikima, ta yin tafiyar da ke bukatar tuƙi da na'ura alhali bai cancanci hakan ba. Ta ƙara da manyan kurakurai wajen sanar da shi yanayi, da rashin sabonsa da na'urar. Rahoton gaskiya ne a iyakar abin da aka ɗora wa hukumar, wato jirgi da matuƙi. Ba hurumin hukumar ba ne ta tambayi wanda ya jera garuruwan, ko wanda ya yi hayar motocin, ko wanda ya cike ranar hutu, kuma ba wata hukumar da ta tambaya. Ina kuma tunanin yadda zai yi wa yaro ɗan shekara 21 nauyi, a ƙaramin gari, ubangidansa na tsaye, taurari uku sun iso da jakunkunansu da ƙarfe ɗaya saura, ya buɗe baki ya ce ba zai tashi ba. Doka ta ba shi wannan iko, shi kaɗai a duk jerin mutanen nan. Shi ne kuma mafi ƙanƙantar matsayi a cikinsu.

In ka bi jerin daga sama za ka ga yadda aka raba abin. Wanda ke da ikon sauya jadawali yana ofis mai ɗumi a Niyok, sanyin Wiskonsin ba ya taɓa shi, asarar wasan da aka soke ce ke taɓa shi. Mai zaure ya sayar da tikiti, ya buga talla. Mawaƙi na jin sanyin a ƙashinsa amma ya sa hannu a takarda. Kowa ya yanke shawarar da ta dace da inda yake tsaye, ya miƙa sauran ga na ƙasa da shi, har ta iso hannun wanda ba shi da wanda zai miƙa wa.

Bas ɗin dai ta isa Moorhead lafiya da Jennings da Allsup da Dion. A can suka ji. Kuma a daren nan na Talata aka yi wasan. Gidan rediyo ya yi shela ana neman makaɗan gari su cike gurbi, wani ɗan makaranta mai shekara 15 daga Fargo, Robert Velline, ya zo da ƙungiyar da suka laƙaba wa suna Shadows a gurguje. Shi ne ya zama Bobby Vee, tauraron shekarun 1960. Kamfanin ya turo Jimmy Clanton da Frankie Avalon da Fabian su maye gurbin mamatan, Jennings ya riƙa rera waƙoƙin Holly. Carl Bunch da aka sallame shi daga asibiti ya koma bakin gangunansa. Shekara 12 bayan haka Don McLean ya fitar da waƙar American Pie, wadda ta mayar da daren wani abin tunawa na ƙasa baki ɗaya, kuma har yau ana taruwa a zauren Surf duk farkon Fabrairu.

An yi jana'izar Holly a Lubbock ranar Asabar 7 ga Fabrairu. Jennings da Allsup ba su halarta ba. A jadawali, wannan dare na garin Spring Valley ne a jihar Ilinoi, washegari Shikago, kuma da sauran garuruwa shida kafin Springfield.